Sukar jam'iyyar da mutum yake ciki, cin amana ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan jam'iyya ne a mazaɓarmu nan Sakkwato, na kuma shige ta ne don na ga ta fi kusa da kare addini da tarbiyyar gidajenmu. Yanzu ina ganin ɗauki-ɗora wajen tsai da 'yan takara, taki kuma sai 'yan lele ake ba. Da na yi magana aka ce ina yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, in abin da ka faɗa gaskiya ne, ba ka da zunubi. Shiga jam'iyya alƙawari ne na haɗa hannu a kan wata manufa, kuma Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umurnin cika alƙawari. Sai dai aya ta 2 ta sa masa iyaka: a taimaki juna a kan alheri da taƙawa, ban da zunubi da ƙetare haddi. Suratun Nisa'i aya ta 135 kuwa ta wajabta shaidar gaskiya ko a kan kanmu ne, ko iyaye da dangi. In mahaifi bai kuɓuta ba, ina ga shugaban jam'iyya? A hadisin Anas da Buhari ya ruwaito, Annabi (SAW) ya bayyana cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a hana shi zaluncin.

Mu mutanen Sakkwato mun gaji wannan. Malam Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, da ya ga kwaɗayin mulki da dukiya ya fara shiga jama'ar jihadi, ya soke su a waƙoƙinsa da ke cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat. Wajajen 1807 ma ya bar su da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam, sannan ya komo. Jama'ar da ya ba da jininsa a kanta ya soka, saboda kishinta.

Inda nake ji maka tsoro shi ne niyya. Da yawa ba sa ganin laifin jam'iyya sai ranar da aka tsallake su a rabon muƙami ko kwangila, kuma Suratut Tauba aya ta 58 ta zargi masu irin wannan hali: in an ba su su yarda, in an hana su su yi fushi. Ka bincike zuciyarka sosai. Ka tabbatar da labari kafin ka faɗe shi, ka fara samun shugabanni a keɓe. In sun toshe kunne alhali talakawa ne ke cutuwa, fitowa fili ya halatta, ba tare da zagi ko ƙazafi a Facebook ba. Sirrin da aka ba ka amana, in ba haƙƙin jama'a ya shafa ba, kada ka tona shi.

In zamanka a ciki na rage ɓarna, ka zauna. In sun tilasta maka kare ƙarya ko rabon kuɗin sayen ƙuri'a, fita ta zama wajibi a kanka. Wallahu a'alam.