Ɗaukar hoto a tsibirin Lamu lokacin Maulidi

Tambaya: Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna. An gayyace ni Maulidin Lamu a Kenya, kuma ina so in dawo da hotunan rayuwar mutanen tsibirin, ba na taro kaɗai ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riga taron isa. Hidimar takan kankama ne a ƙarshen Rabi'ul Awwal, don haka ka sauka da kwana huɗu ko biyar a hannu. Jirgin sama zai ajiye ka a tsibirin Manda, daga nan ka tsallaka da kwalekwale.

Kwana biyun farko, bar kyamara a jaka. Na san wannan zai yi maka wuya, amma Lamu ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. Baƙon da ke ɗaga kyamara ba sallama, labarinsa kan riga shi isa kasuwa. Zauna wajen mai gahawa a bakin ruwa, ka sha, ka saurari hira, a san fuskarka. Koyi cewa "naomba kupiga picha" da harshensu na Swahili, wato ina neman izinin ɗaukar hoto. Matan da ke lulluɓe da baƙin buibui kuwa, in ba su yarda ba ka wuce abinka. A gidan biki an saba kiranka a tsaya maka. A nan kai ne mai roƙo.

Tsohon garin, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, lunguna ne matsattsu da jaki ɗauke da kaya kan toshe su, motoci kuwa 'yan ƙalilan ne. Waɗannan lungunan su ne mafakarka da tsakar rana, domin inuwarsu na ba da haske mai laushi. Bakin teku sai bayan asuba, lokacin da masunta ke sauke kifi, ko bayan la'asar.

Farar kanzu, wato jallabiyar mazansu, tana ruɗin kyamara: ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, fuskoki su fito duhu. Ƙara haske da mataki ɗaya, ka ɗauka a RAW, wato tsarin ajiye hoto ɗanye da ke ba da damar gyara haskensa daga baya. Iskar gishiri kuma maƙiyar gilashi ce. Kada ka sauya lens, wato gilashin gaban kyamara, a cikin kwalekwale, ka riƙa goge kyamara kowane dare.

Ranar jerin gwano daga masallacin Riyadha zuwa kabarin Habib Swaleh, malamin da ya kafa masallacin, kada ka kutsa gaban masu bege. Yi gaba, ka nemi izinin hawa dakalin ƙofar wani gida, ka jira su iso da tamburansu. Wanda duk ka ɗauka ya nemi hotonsa, karɓi lambarsa ka tura masa ta WhatsApp kafin ka bar tsibirin.