Tambayi Likita: Ɗaliban Likitanci da Nauyin Karatu

Tambayoyin wannan karon duk sun shafi masu karatun likitanci. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye.

Tambaya: Likita, jarrabawarmu ta anatomi, fisiyoloji da bayokemistiri ta ƙarato. Barcina ba ya wuce awa uku, kofi da lemon ƙarin kuzari ne ke riƙe da ni, amma abin da na karanta da dare kafin safiya ya gudu. Wani abokina ya ce in gwada tramadol. (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ƙanena, tramadol dai kada ka kusance shi. Yana kama jiki, kuma yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ko da bai taɓa yi ba, balle wanda ba ya samun barci.

Mantuwar da kake kuka da ita kuwa, rashin barcin ne ya haife ta. A cikin barci ƙwaƙwalwa take tattara abin da aka koya da rana ta adana shi, wannan yana cikin fisiyolojin da kake karantawa. Baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9. Wanda ya kwana karatu ya hana kansa barci, ruwa yake ɗiba da kwando. Sinadarin kafin da ke cikin kofi, shayi, goro da lemon kuzari bai kamata ya haura miligiram 400 a yini ba, kimanin kofuna huɗu na kofi ke nan, kuma bayan awa biyar da shansa wajen rabinsa yana nan a jini. Wanda ka sha da magariba shi ne yake buɗe maka ido tsakar dare. Ka tsayar da shi daga azahar.

Yawan manhaja da ranar jarrabawa ba a hannunka suke ba. Lokacin kwanciyarka, da abin da za ka karanta gobe, da inda za ka ajiye waya, waɗannan kai ne shugabansu, kuma a nan riƙe ragamar kai take farawa. Salloli biyar sun riga sun yanka maka yini gida-gida: ka ba darasi mafi tsauri bayan Asuba, ka rubuta abu uku kacal da za ka gama kafin Isha'i. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo. Saboda haka ka yi bita washegari, ka sake bayan kwana uku, sannan bayan mako. Bitar ma ba kallon shafi ba ce. Rufe littafin, ka zana jijiyoyin hannu da ka, ko ka koyar da abokinka.

Tambaya: Wani babban likita ya tsinka ni a gaban marasa lafiya lokacin zagayen duba su a asibiti. Tun ranar, da an kira sunana sai zuciyata ta hau bugawa, hannuna na rawa, abin da na sani ya ɓace. Na fara ƙin zuwa. (Ɗaliba daga Sakkwato)

Amsa: Ƙanwata, abin da aka yi miki ba daidai ba ne. Wulaƙanci ba ya cikin hanyoyin koyarwa, ko da wane ne ya yi shi. Bugun zuciyar da rawar hannun aikin adirenalin ne, sinadarin da jiki ke saki idan ya tsorata, jiki ya ɗauki zagayen a matsayin haɗari. Sai dai ƙin zuwa yana ciyar da tsoron ne, kullum kika ɓuya sai ya ƙara ƙiba. Ki koma. Kafin a fara, ki ja numfashi a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, na minti biyu. Ki gwada gabatar da maras lafiyarki da babbar murya a gaban ƙawa tun da dare. Idan ba ki san amsa ba, ki ce ba ki sani ba, za ki duba, kuma ki duba ɗin. Kada ki karɓi propranolol, maganin rage bugun zuciya, a hannun ƙawaye, yana da haɗari ga mai asma. In cin fuskar ya ci gaba, ki kai maganar ga malamin da ke kula da ajinku.

Tambaya: Duk cutar da muka karanta sai in ji alamunta a jikina. (Ɗalibi daga Yamai)

Amsa: Sanannen abu ne a tsakanin ɗalibai, kuma yakan lafa idan aka saba da asibiti. Ka je a duba ka sau ɗaya, ka daina auna kanka da kanka. In tunanin ya fara hana ka barci ko karatu, ka koma wurin likita ka faɗa masa haka.

Tambaya: Ɗana ya faɗi jarrabawa, an ce ya maimaita aji. Yau wata guda ya kulle kansa a ɗaki, ba ya cin abinci, ya rame. Na ji ya ce gara ma ya mutu ya huta. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce ƙarancin tawakkali. (Uwa daga Kano)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan ba maganar jira ba ce, a kai shi asibiti yau ko gobe. Baƙin ciki ko yanke sha'awar komai da ya kai mako biyu, tare da rashin ci da rama, alamun ciwon damuwa ne, kuma furucin mutuwa ya mai da shi na gaggawa. Ciwon yana kama masu ibada da masu ƙoƙari, ba ya nuna raunin imani. A ci gaba da addu'a, a haɗa da magani.

Ba shi kaɗai ba ne. Wani nazari da mujallar likitoci ta Amurka, JAMA, ta buga a 2016, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe sama da 40, ya gano kimanin kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likitanci suna da ciwon damuwa ko alamunsa, kashi 11 kuma sun yi tunanin kashe kansu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, cikin masu alamun, kashi 16 kawai suka nemi magani. Yaran nan suna tsoron a ce likita ya gaza.

Ki zauna da shi, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawowa. A kwashe magunguna, fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, kuma kada a bar shi shi kaɗai. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Idan an ba shi magani, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji sosai, kada a tsayar da shi ba da sanin likita ba. Maganar maimaita aji kuma a jingine ta tukuna, ki roƙi mahaifinsa da 'yan uwa su daina tayar da ita a gabansa har sai ya samu sauƙi.