An ce maganin ya kare ƙodar ɓera, in saya wa Baba?

Tambaya: Salam Malam. Babanmu na fama da hawan jini da suga, yanzu likita ya ce ƙodarsa ta fara taɓuwa. Wani ya turo min a WhatsApp wai an gwada spironolactone a kan ɓeraye ya kare musu ƙoda. In shiga kemis a Sabon Gari in saya masa? Daga Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kar ka saya tukuna.

Labarin dai ba ƙarya ba ne. Akwai sinadarin aldosterone da ke fitowa daga wata 'yar tsoka a saman ƙoda, aikinsa riƙe gishiri da ruwa a jiki, to in ya yi yawa sai jini ya hau, matatar ƙodar ta fara yoyon furotin cikin fitsari har ta yi tabo. Masu bincike kan cire wa ɓera ƙoda ɗaya, su ɗura masa aldosterone da ruwan gishiri, su ba wasu spironolactone, maganin da ke toshe aikin aldosterone, su bar wasu, kuma lallai waɗanda suka samu maganin ƙodarsu ba ta lalacewa kamar ta sauran.

Amma fa ɓeran nan lafiyarsa lau aka sa masa ciwo ɗaya na 'yan makonni, Baba kuwa shekaru ya yi da ciwo biyu ga kuma girma. Abin da ke tsorata ni shi ne spironolactone na tara sinadarin fotasiyam a jini, ƙoda mai rauni ba ta iya fitar da shi, in ya taru yana iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama ba, ballantana in Baba na shan magungunan hawan jini irin su lisinopril ko losartan. Ko finerenone, ɗan'uwan maganin da Amurka ta amince da shi a 2021 bayan an gwada shi a kan dubban masu suga da ciwon ƙoda, sai da awon jini ake ba da shi.

Kuɗin nan gara ka kashe su a gwajin kiriyatinin (awon jini mai nuna ƙarfin ƙoda), fotasiyam da furotin na fitsari, ka kai sakamakon wajen likitocin ƙoda a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya. Ka zuba duk magungunansa a leda ka tafi da su, har jiƙon da yake sha in akwai. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kuma a ɗauke su daga ɗakinsa yau yau, suna cin ƙoda.

Tambaya: Gishirin masu hawan jini fa, in saya wa Mama? Tana shan losartan. Daga Samaru.

Amsa: A'a 'yar'uwa, sai likitanta ya yarda, yawancinsu fotasiyam ne a ciki. Ki rage mata gishiri da magi a miya kawai.