Kafin Ka Kai Hajiya Andora Ganin Ƙanƙara

Wasiƙar wannan makon daga Vic ta fito, wani gari da ke arewa da Barcelona. Mai wasiƙar shekararsa shida a Sifaniya. Maiɗakinsa ta haihu, mahaifiyarta ta taso daga Kano da bizar ziyara don ta yi mata wankan jego. Yanzu an yi arba'in, Hajiya kuma ta ce ba ta so ta koma gida ba ta damƙi dusar ƙanƙara da hannunta ba. Shi ne yake so ya kwashe su zuwa Andora a ƙarshen Maris, har da ƙanen wani abokinsa mai jan katin neman mafaka, wanda ya ji an ce akwai aiki a otal-otal ɗin can. Shi kansa mai wasiƙar katin zamansa ya ƙare, ya shigar da takardun sabuntawa yana jiran amsa. Ya rufe da cewa: "Abokaina sun ce ba a duba kowa a hanyar. Malam, mu je?"

Ɗan'uwa, barka da arziki, Allah ya raya. Niyyarka ta kyautata wa surukarka abin yabo ce. Amma ka ɗan ajiye makullin motar tukuna.

Andora ƙasa ce mai cin gashin kanta. Ba ta cikin Tarayyar Turai, ba ta cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu da biza ɗaya. Abin da ke ruɗar mutanenmu shi ne komai nata kamar na gida: Yuro ake kashewa, Katalanci ake yi kamar yadda maƙwabtanka na Vic suke yi, ga ta a maƙale tsakanin Sifaniya da Faransa, faɗinta murabba'in kilomita 468 kacal, jama'arta ba su kai na ƙaramar hukumar Fagge ba. Ko shugabanninta ma aro ne daga maƙwabta: babban limamin cocin Katolika na Urgell da shugaban ƙasar Faransa, tsarin da tushensa ya faro tun 1278. Ba ta da filin jirgin sama, ba ta da layin dogo. Duk wanda ya shiga ta mota ya shiga, kuma dole ya fito ta Sifaniya ko ta Faransa. To, a idon doka, shigarka Andora fita ce daga Shengen, dawowarka kuma sabuwar shiga ce.

Abokanka ba ƙarya suka yi ba, rabin magana suka faɗa. Sau da yawa mota kan wuce ba a ce da kowa kanzil ba. Sai dai a shingen La Farga de Moles, wajen dawowa, jami'an Sifaniya suna tsayar da motoci don binciken kaya, kuma wanda ya buɗe but ɗin mota ba abin da zai hana shi cewa a kawo takardu. Ni da kai mun san wa ake fara nuna wa yatsa idan mota cike take da baƙaƙen fata.

Mu fara da Hajiya, don ita ce dalilin tafiyar. Ka karɓi fasfonta yau ɗin nan, ka buɗe shafin biza, ka nemi gurbin da aka rubuta adadin shiga. Idan ka ga MULT, wato shiga sau da yawa, ko 02 kuma sau ɗaya ta shigo, hanya a buɗe take muddin kwanakinta ba su ƙare ba. Idan 01 ka gani, shigarta ɗaya ta riga ta yi amfani da ita ran da ta sauka daga jirgi. Andora ba ta ba da biza tata, ta dogara ne da cewa baƙo yana da iznin komawa inda ya fito. Ka ƙaddara an tsayar da ku, an ce kowa ya wuce ban da dattijuwar nan. Surukarka ce fa, wadda ko haɗa ido ba ka yi da ita. Da wane baki za ka yi wa dangin matarka bayani? Kuma ko an sassauta an bar ta, idan abin ya shiga rubuce zai iya biyo ta ran da za ta sake neman bizar zuwa ganin jika.

Sai kai. Takardar shaidar cewa ka nemi sabuntawa tana kare ka a cikin Sifaniya, ba ta ƙetarar da kai iyaka. Abin da kake bukata shi ne iznin dawowa, wanda suke kira autorización de regreso. Ana nemansa a ofishin 'yan sandan ƙasa: ka kama layi ta intanet, ka cika fom EX-13, ka biya kuɗin da fom 790 mai lamba 012, ka tafi da fasfo da tsohon kati da shaidar sabuntawar. Ba ya wuce kwana 90. Ka kuma riƙe wannan da kyau: ta iyakar Sifaniya kaɗai yake aiki. Kada daɗin hanya ya kwashe ka ka zarce ta Pas de la Casa ka faɗa Faransa. Samun layin kansa kan ɗauki makonni, don haka in da gaske kake, yau za ka fara nema.

Jaririn fa? Haihuwa a Sifaniya ba ta mayar da ɗan 'yan Najeriya ɗan ƙasa nan take. Takardar haihuwa ba takardar tafiya ba ce. In bai sami fasfonsa ba, balle katin zamansa, shi da uwarsa su yi zamansu a gida. Ko da takardun ma, ban ga abin da ɗan wata biyu zai tsinta a kan dutse cikin wannan iska ba.

Yaron mai jan kati kuwa, kada ya taka ko nan da can. Katin nasa ba ya ƙetare iyaka, galibi ma fasfonsa yana hannun hukuma har a yanke hukunci. Maganar aiki kuma, iznin aikin da jan kati ke bayarwa bayan wata shida na Sifaniya ne kaɗai. Andora tana da nata ofishin shige da fice da nata adadin baƙin da take ɗauka. Ban da haka, kasuwar ta kusa tashi: wuraren wasan zamiya a ƙanƙara kan rufe cikin Afrilu, lokacin sallamar ma'aikata ne ba na ɗauka ba.

In takardunku sun cika kai da Hajiya, to bismilla, wuri ne mai kyau. Amma ka sani babban birnin, Andorra la Vella, yana kan tsayin mita 1,023 ne, kuma a ƙarshen Maris sau da yawa za ka tarar titunansa a bushe, ƙanƙarar tana can sama tana kallonka. Sai kun hau wajen Soldeu, ko ku shiga ƙaramin akwatin nan mai tafiya a jikin igiya daga Encamp. Can sama iska ba ta da kauri. In Hajiya tana da hawan jini, a hau a hankali, a tafi da maganinta, kada a daɗe. Safa mai kauri da takalmi rufaffe dole ne, silifas ɗin Kantin Kwari ba zai yi ba. Motarka kuma doka ta ce daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Mayu ta kasance da tayar sanyi ko kacar ɗaura wa taya.

Abubuwa biyu ne suka fi ƙona aljihun mutanenmu a can. Na farko waya: rangwamen da ke ba ka damar amfani da layinka a ƙasashen Tarayyar Turai bai shafi Andora ba, don haka ka kashe data kafin iyaka, in ba kamfaninka ne ya tabbatar maka ba. Hajiya ta adana hotunanta, ta tura wa 'yan gida bayan kun dawo. Na biyu asibiti: katin lafiya na Turai ba ya aiki a can. Ka tambayi ofishin inshorar ma'aikata takardar da yarjejeniyar ƙasashen biyu ta tanada, ka kuma duba ko inshorar da aka yi wa Hajiya lokacin neman biza ta ambaci Andora, don yawanci Shengen aka rubuta.

Na san za a leƙa kantuna, tunda harajin kaya a can kashi 4.5 ne cikin ɗari, na Sifaniya kuwa 21. A sayi turare da agogon tsaraba, amma babban mutum kayan Yuro 900 aka yarje masa ya fito da su ba haraji. Wani zai ce ka riƙo masa kwalin taba. Ƙa'ida kara 300 ce ga mutum ɗaya, shawarata kuma ka ce masa a'a, don ita jami'an suka fi farauta. Wajen abinci, trinxat da escudella da za a yi ta tallata muku da naman alade ake yin su. Ku tafi da guzurinku da dardumar salla.

Idan kuwa 01 ka tarar a fasfon Hajiya, ba a fasa ganin ƙanƙara ba. Daga Vic ka nufi Ribes de Freser, kusan tafiyar awa guda a mota. Daga nan akwai ƙaramin jirgin ƙasa mai haƙora da ke hawa dutse zuwa Vall de Núria, kusan mita 2,000 sama, duk a cikin Sifaniya, ba shinge ba tambaya. Har yaron mai jan kati ya bi ku ya riƙe wa Hajiya jaka. Ka dai duba hasashen yanayi kwana biyu kafin tafiya, ka zaɓi ranar da ba ta daɗe da zuba ba, ka kuma saya mata safar hannu, don na tabbata sai ta ce za ta dunƙula ta gani.