Mai Walda Ya Ɗura Wa Bindigata Oksijin, Ga Yara a Gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da bindigar iska mai tukunyar da ake ɗura wa matsattsiyar iska, irin wadda ake kira PCP, mai cin harsashin milimita 5.5. Burina in riƙa samun gwangwani daga mita 100, in kuma ɗauki harsashin a bidiyo mai tafiyar hawainiya tun daga fitarsa har ya isa. Da na ɗauka ta cikin madubin saiti sai na ga kamar harsashin yana wulwulawa kafin ya kai, kuma harbin a warwatse yake. Wani ya ce mini ƙarancin ƙarfi ne. Ga shi famfon hannu yana galabaitar da ni a wannan zafin. Sai na kai wa wani mai walda ya ɗura mini daga silindar oksijin ɗinsa. Da na nuna shakka ya ce: "Wagga iska ita aka sa ma marasa lahiya asibiti, mi za ta yi ma bindiga?" Yana cikin ɗurawa na ji tukunyar ta ɗauki zafi sosai. Ban harba ba tukuna, amma hankalina ya ƙi kwanciya, ga yara a gida. Me zan yi? Kuma yaya zan gyara harbin da bidiyon?

Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka gode wa Allah da ya sa maka wannan fargabar, domin ita ta hana ka taɓa kunama. Kada ka harba bindigar nan, ko sau ɗaya, ko da ba harsashi a ciki. Kada ka ɗiga mata mai ko'ina. Ka fitar da ita daga ɗakin kwana, ka ajiye ta a inuwa inda yaro ba zai kai ba, nesa da murhu da janareto. Idan ka san noti ɗin da ake sassautawa a saki iskar irin taka, ka wanke hannu da sabulu har maiƙo ya fita, ka fita fili, ka juya bakinta nesa da mutane, ka sake ta sannu sannu, tana tsiyaya kaɗan kaɗan har gejin da ke nuna matsin iska ya sauka ƙasa. Idan ba ka sani ba, kada ka yi lalube; nemi wanda aikinsa ke nan, ka faɗa masa gaskiyar abin da ke ciki tun kafin ya ɗauki sifana. Bayan ta huce a kwance ta, a duba bawul, wato abin da ke buɗe wa iska hanya ya rufe, a sauya dukkan zobban roba, sannan a sake ɗura mata iska.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar mai waldan, don ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Kusan duk wanda ya sayi irin wannan bindiga a garin nan, da ya yi famfo sau biyu ya jiƙe da gumi, sai wani ya nuna masa hanyar masu walda. Hujjar kullum ɗaya ce: iska ai iska ce, ta silinda ma ta fi tsabta. Wannan magana tana iya cire wa mutum hannu.

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, kusan duk sauran naitirojin ne, wanda ba ya taimakon wuta. A kan wannan iskar aka ƙera bindigarka: robobinta, giris ɗin da ke cikin bawul, ƙarfen tukunyar, duka. Da ka ɗura zallar oksijin, ka ninka abin da wuta ke ci kusan sau biyar a matsi ɗaya, kuma matsin ba na wasa ba ne. Da ma'aunin matsi da ake kira ba (bar), tayar mota ba ta wuce ba 2 zuwa 2 da rabi. Tukunyar PCP tana ɗaukar ba 200, wasu har 300. A irin wannan matsi, cikin zallar oksijin, ɗigon baƙin mai ba ya jiran ashana. Roba tana ci, giris yana ci, har alminiyon da ake ƙera wasu tukwanen da shi yana iya kamawa.

Mai karatu zai ce to ina tartsatsin da zai tayar da wutar? Ai ka ji shi da hannunka. Ɗumin nan da ka ji lokacin ɗuri, shi ne. Duk iskar da aka matse da sauri zafi take yi, kuma da haka injin dizal yake kunna mansa ba tare da fulogi ba. Mai walda ya murɗe kan silinda gaba ɗaya, iska ta afka cikin siririyar tiyo ta daki bawul a rufe, a wannan ɗan lungun zafin yana haura abin da mai ke buƙata ya kama. Haka kuma duk harbin da ka yi, guduma ce ke dukan bawul, iska ta fita a guje tana gogar ƙarfe. Ƙwayar tsatsa guda ta isa. Na taɓa riƙe bakin ɗuri na wata bindiga da aka yi wa haka: tagullar ta koma baƙa, zoben robar ya zama toka mai manne wa yatsa, tiyon ya tsage tsawonsa. Mai ita ya tsira da ƙuna a tafin hannu saboda wutar ta tsaya a tiyo. Da ta shiga tukunya, wadda take daidai inda hannun hagu ke riƙewa, kusa da fuska, labarin daban ne.

A shekarar 1967 'yan sama jannatin Amurka uku suka ƙone a cikin kumbon Apollo 1, a ƙasa, lokacin gwaji. Ɗakinsu cike yake da zallar oksijin a matsin da ya ɗara na iskar waje da kaɗan. Injiniyoyin da suka fi kowa sanin aikin ke nan, a matsin da bai kai ba 2 ba. Taka tana ɗauke da fiye da ɗari. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai walda ya san wannan. Ranar farko da yaro ya shiga shagon walda ake ja masa kunne kada ya taɓa kan silindar oksijin da hannu mai giris. Ya kiyaye wannan a kan kayansa, amma saboda 'yan kuɗin da za ka miƙa masa ya haɗa silindar da bindigar da cikinta duk maiƙo ne. Batun asibiti kuwa, je ka duba inda ake sa wa majinyaci oksijin, za ka tarar an hana sigari da duk wani abu mai wuta a wurin.

Kuma duk wannan kasadar a banza. Oksijin ba ya ƙara wa harsashi gudu ko kaɗan, don matsi ne ke tura shi, kuma oksijin ya ma ɗan fi iskar gari nauyi. Abin da ya halatta a tukunyar nan biyu ne: busasshiyar iska daga famfon hannu ko kwamfuresa mai matsi da aka yi don wannan aikin, ko naitirojin. Kwamfuresar mai faci ba ta kai ko kusa ba. Man da ya halatta a wurin da iska ke matsuwa shi ne na silikon, shi ma ɗan kaɗan. Masu bindigar iska mai sifirin da ake lanƙwasa bututunta a ɗana, ku ma da ku nake: ɗiga man keke ko fetur a bayan harsashi don a ji ƙara a ga hayaƙi, ƙona robar fistan ne da karya sifirin. Famfo kuma a yi shi bayan asuba, a riƙa hutawa yana hucewa. Kada a bar cikakkiyar bindiga a mota da rana: tukunyar da aka cika ba 200 da sanyin safiya, idan cikin mota ya kai digiri 60 a watan Afrilu, za ta haura 220.

Sai wulwulawar harsashi. Wanda ya ce maka ƙarancin ƙarfi ne ya juya maganar. Harsashin nan mai ƙugu da buɗaɗɗen gindi ya fi natsuwa idan gudunsa yana tsakanin mita 260 zuwa 280 a daƙiƙa. Da ka tura shi ya doshi gudun sauti, wanda yake wajen mita 343 a daƙiƙa, a zafinmu ma ya ɗan fi, sai ya fara rawa. Sau da yawa maganin shi ne a rage ƙarfi ko a sa harsashi mai nauyi. Zazzage gwangwanin harsashinka a kan farin ƙyalle ka duba gindinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya lotsa ko ya karkace ka ware shi, don a mita 25 ba za ka ga aibinsa ba, a mita 100 zai kauce da taku guda. Goge cikin bututu, ka duba bakinsa ko ya sami rauni, ka leƙa murfin gaba ko akwai gogar dalma, alamar harsashi yana taɓa shi wajen fita.

Ko komai ya daidaita, mita 100 nesa ce ga harsashin da nauyinsa giram guda ne. Yana shafe kusan rabin daƙiƙa a hanya, yana faɗuwa kusan mita guda daga layin bututu, kuma iskar gefe mai gudun mita 5 a daƙiƙa tana ture shi santimita 30 zuwa 40. Da hunturu iskar arewa maso gabas takan wuce haka da hantsi. Da bazara kuma, rana na ɗagawa kawalwalniya za ta sa gwangwanin ya riƙa rawa a madubi. Ka fara tara harbi biyar wuri ɗaya a mita 50 tukuna, sannan ka riƙa ƙara goma goma.

Bidiyo lissafi ne. Wayar da ke ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, harsashi mai gudun mita 270 a daƙiƙa yana tafiyar fiye da mita guda tsakanin hoto da hoto. Mai 960 ma santimita 28 ne, kuma wayar Galaxy S9 da ta shahara da wannan a 2018 kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kawai take kamawa, bai kai tsawon tafiyar harsashinka ba. Wasu wayoyin ma ƙirƙirar hotunan tsakani suke yi. Saboda haka daga gefe ba abin da za ka gani sai zane. Hoton nan na harsashi yana huda tuffa da masanin nan ɗan Amurka Harold Edgerton ya ɗauka a 1964, da walƙiyar fitila ya ɗauke shi a ɗaki mai duhu, walƙiyar da tsawonta wajen kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ne. Hanyar da ka bi, ta cikin madubi, ita ce daidai: harsashin yana tafiya ne a kan layin ganinka, don haka a 240 za ka same shi a hotuna kusan ɗari. Ka ba rana baya, wato da safe ka fuskanci yamma, hasken ya faɗa cikin gindin harsashin ya yi ƙyalli. Ka sa baƙin kwali ko baƙin buhu a bayan abin harbin. Ka daidaita madubin ya fi kaifi a tsakiyar hanya, ka kulle hasken wayar kada ya riƙa sauyawa, ka kuma lulluɓe ta da ƙyalle don zafi yana sa ta daina ɗauka.

Idan kana son ganin gwangwani yana fashewa daga kusa, ka kafa waya a kan sanda, ka kare ta da katako, kowa ya dawo bayanka. Ba a ba yaro waya a ce ya tsaya gefe. Harsashin da ya kai mita 100 yana da sauran gudun da ya wuce mita 170 a daƙiƙa, ya isa ya huda fata, ido kuwa ba ya buƙatar ko rabin haka. Yana tsalle a kan marmara, da ƙarfe, da fuskar ruwa, saboda haka harbi a gulbin Rima ko a fadama inda masu albasa ke sunkuye ba naka ba ne. Wanda ya wuce sama kuma yana iya kai mita 300 ko fiye. Ka jera buhunan yashi ko ka sami gangaren ƙasa mai laushi, ka taka da ƙafarka ka ga abin da ke bayansa kafin ka ɗana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana harbi da tsakuwa a tsakanin yatsu saboda tana fasa ido tana karya haƙori, ya hana nuna ɗan'uwa da makami, ya kuma hana a mai da abu mai rai abin gwajin saiti. Tsakuwa ke nan, ina ga dalma. Tattabarun maƙwabta da ƙadangarun katanga ba kayan bidiyo ba ne. Dalmar kanta guba ce: kada ka riƙe harsashi a baki, ka wanke hannu kafin cin abinci, ka tsince burbushin daga yashi. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara fiye da 400 a 2010 sanadin gubar dalma, yawancinsu ƙanana masu wasa a ƙasa.

Ba ka ambaci lasisi ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska a jeri ɗaya da bindigogin farauta, waɗanda sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙe su. Na san neman takardar yana da jeka ka dawo mai cin rai, kuma mai sayarwa zai ce maka abin wasa ne ba ya buƙatar komai. Shi ba zai bi ka caji ofis ba. Je ka hedikwatar rundunar jiha ka tambayi matsayin taka. Kuma da halin da ake ciki a gabashin jihar nan wajen Isa da Sabon Birni, da wajen Tangaza da Gudu, jami'in tsaro ko ɗan sa-kai da ya hango mutum kwance a bakin daji da doguwar bindiga mai madubi ba zai tsaya tambayar iska take ci ko albarushi ba. Ka nemi fili mai katanga, da izinin mai shi, mai unguwa ya sani, ka kai bindigar a cikin jaka ba harsashi a ciki.