Amsa ga mai tambaya kan tafiyar ayari a babur da sa iyafis a kunne

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa kafin in amsa. Ka ce ku goma sha ɗaya ne, yawancinku bana kuka yi babur, kuna shirin doguwar tafiya ta yini guda a tare, kuma wasunku na son sa iyafis su riƙa jin rediyo ko waƙa don kada gyangyaɗi ya ɗauke su. Kana tambaya ko da matsala, da kuma yadda za ku jera a hanya. Ni a 1981 na fara hawa, da wata 'yar Suzuki 100 mai fitar da shuɗin hayaƙi, daga baya na koma Honda CG125, kuma har yau ban ajiye ba. Rediyo kuwa na san ta tun kafin in san babur, don haka ta nan zan fara, ka yi haƙuri da ni.

Muna yara akwatin rediyo ɗaya ne a gidanmu, National mai cin batir huɗu, an ɗinka mata riga ta fata. Ta babanmu ce, amma ni ne mai kamo tasha, saboda an ce hannuna ya fi na kowa sanyi. Wanda bai taɓa neman tasha a gajeren zango ba ba zai gane ba. Tsakanin mita 19 da 25 da 31 tashoshin duniya ne cunkushe a ɗan wurin da bai kai tsawon yatsa ba. Ka murɗa kamar faɗin gashi, muryar ta ɓace, wata ta shigo da yaren da ba ka taɓa ji ba. Sai ka manna kunne a jikin akwatin, kana jin shuuu, kana jin fito, can ƙasa ka tsinkayi wata 'yar murya kamar daga cikin rijiya, ka bi ta a hankali har ta fito fili: London take kira. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, na Jamus ya biyo baya a shekarun 1960, Muryar Amurka kuma sai 1979, lokacin na zama saurayi. Har Moscow da Peking muna kamawa suna Hausa. Na ɗaura wayar ƙarfe daga eriya zuwa reshen bishiya, na kuma lura da kaina cewa da rana ƙananan mitoci sun fi kamawa, da dare kuma 41 da 49 ne ke fitowa tangaran. Sai da na girma na san dalili: saƙon sama yake tafiya ya bugi wani shimfiɗi na iska can ƙololuwa ya dawo ƙasa, shimfiɗin nan kuma yana sauyawa da fitowar rana da faɗuwarta. A jikin akwatin nan na ji labarin Muhammad Ali ya kayar da George Foreman a Kinshasa a zagaye na takwas, a watan Oktoban 1974. Shirin Amsoshin Takardunku kuwa ko zazzaɓi nake ba ya wuce ni.

Abin da ya sa na kawo maka wannan, rediyo ce ta koya mini raba sauti da sauti. Da na hau babur sai na tarar aikin ɗaya ne. A cikin ƙugin iska da ƙarar injinka akwai 'yan muryoyin da kake buƙata: kacau-kacau ɗin sarƙa idan ta yi sako-sako, canjin kukan taya idan ka hau yashi, injin da ya fara ƙwanƙwasa don baƙin mai ya yi ƙasa, da gurnanin tirela a bayanka tun ba ta shigo madubi ba. Madubin babur ƙarami ne, yana rawa, akwai kuma gefen da ba ya nuna maka sam. Wannan gefen kunne ne ke tsare maka shi.

Na so rediyo kamar me, amma ban yarda a sa ta a kunne a kan babur ba, kuma ga abin da ya sa. Wata shekara mun fita mu tara. Akwai wani yaro a cikinmu, shi ne na bakwai a jeri, ni na shida. Tun wurin tashi na ga farar waya ta fito daga aljihun rigarsa ta shige ƙarƙashin hular kwano. 'Yar rediyon aljihu ce, ana wasan ƙwallo ranar, ba ya son ya wuce shi. Na gani, na yi shiru, don ni ma zuciyata tana wurin wasan. Bayan la'asar wata tirela ta taso mu a baya, direban ya fita zai wuce mu gaba ɗaya, sai ga wata mota ta ɓullo daga gaba. Madugunmu, wato mai tsaron bayan ayari, ya danna ham sau uku, alamar da muka yi alkawari a kai cewa kowa ya matsa gefe a yi layi ɗaya. Kowa ya matsa ban da yaron nan. Bai san da tirela ba sai da ta zo kafaɗarsa tana komowa hannunta. Ya firgita ya faɗa kan tsakuwar gefen titi, ya damƙe birkin gaba, tayar ta zame. Da na juyo na same shi kwance, kafaɗa ta karye, gefen hular kwanon ya goge har farin cikinta ya fito. Rediyon tana can cikin ciyawa, wayar ta cire, mai sharhi yana ta ihu. Na ɗauka na kashe ta, hannuna na rawa. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya warke, amma har yau idan na tuna shirun da na yi da safen nan sai in ji ba daɗi.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu ma mun yi tsawo da yawa, babura tara a jere ba mu bar wa babbar mota gurbin da za ta shiga ba idan ta matsu. Shi ya sa nake ce muku ku goma sha ɗayan nan ku rabu biyu, shida da biyar, ku bar tazarar minti biyu ko uku tsakanin ayarin farko da na biyu, ku sa wuraren haɗuwa tun kafin tashi. Kowane ayari yana da jagaba a gaba, wanda ya san hanya kuma ba mai zafin kai ba, da madugu a baya, wanda ya fi kowa gogewa, shi ke riƙe da kayan gyara da na taimakon gaggawa, kuma ba ya wuce kowa ko da me. Sabon hannu a sa shi na biyu, bayan jagaba kai tsaye. Mutane suna kuskuren tura sabo baya wai don kada ya tare hanya, alhali baya ta fi ko'ina wahala. Jagaba ya ƙara wuta kaɗan bayan kwana, na biyu sai ya ƙara fiye da haka kafin ya kamo shi, kafin abin ya iso kan na ƙarshe sai ka ga yana gudun da ya fi ƙarfinsa don kada a bar shi. A nan ake faɗuwa.

Jerin kansa kuma ba kafaɗa da kafaɗa ba ne. A miƙaƙƙiyar hanya jagaba ya riƙe ɓangare ɗaya na hannunku, na biyu ya riƙe ɗaya ɓangaren yana ɗan baya, na uku ya koma layin jagaba, haka har ƙarshe. Tsakaninka da wanda ke gabanka a layinka daƙiƙa biyu, tsakaninka da na gefe daƙiƙa ɗaya. Kada ka auna da ido, ƙirga za ka yi: idan ya wuce wata alama a bakin hanya ka ce dubu da ɗaya, dubu da biyu, sannan kai ka iso ta. A gudun kilomita 80 babur yana cin mita 22 a daƙiƙa guda, wato daƙiƙa biyun nan mita 44 ce, kuma kusan rabinta tana tafiya ne kafin ma yatsunka su kai ga birki. Idan aka zo kwana, ko hanya ta lalace, ko ruwa ya sauko, a koma layi ɗaya a ƙara tazara. Ruwan farko ya fi kowanne santsi, don shi ke taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta. Wuce mota kuma ɗaya bayan ɗaya ake yi, kowa da idonsa. Don jagaba ya wuce lafiya ba shi ne ya ba ka hanya ba.

Akwai wani abu da ayari ke jawowa wanda mai tafiya shi kaɗai bai cika fama da shi ba: ido ya kafe a kan fitilar bayan abokinka. Babur inda ka kalla nan yake zuwa. Idan shi ya kauce hanya kana kallonsa, kai ma za ka bi shi. Ka riƙa kallon hanya ta saman kafaɗarsa, can gaba inda kake son zuwa. Kuma kowa ya ɗauki na bayansa a matsayin amanarsa. Ka duba madubi ba ka gan shi ba, ka rage gudu; na gabanka zai rasa ka shi ma ya rage, har saƙon ya kai ga jagaba ba tare da an ce uffan ba. Alamomin hannu ku yi su kaɗan, huɗu ko biyar, waɗanda kowa zai riƙe: rage gudu, layi ɗaya, rami a hanya, mai ya kusa ƙarewa, tsayawa.

Hular kwano ba na ma son a tsaya muhawara a kanta. Tun bayan da wani Baturen Ingila mai suna T. E. Lawrence ya rasu a haɗarin babur a 1935, likitan ƙwaƙwalwa Hugh Cairns, wanda yana cikin waɗanda suka duba shi, ya duƙufa kan binciken raunin kai, har rundunar sojan Ingila ta wajabta wa masu babur ɗinta hula a 1941. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna hula mai kyau da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70. A ɗaura igiyar ta kama haɓa, yatsa ɗaya ko biyu kawai su iya shiga. Wadda ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsagewa ba, don abin da ke cikinta sau ɗaya yake matsewa. In wani ya faɗi, Allah ya kiyaye, kada ku fizge masa hula ko ku ɗaga shi zaune matuƙar yana numfashi, saboda wuya. Mutum biyu su tare hanya gaba da baya, ɗaya ya kira agaji.

Saura maganar gyangyaɗi, wadda ita ce asalin hujjar abokanka. Rediyo ba ta korar barci, ɓoye shi take yi har ya zo maka ba sallama. Lumshe ido na daƙiƙa uku a gudun 80 ya kai ka mita 66 a makance. Maganinsa a kwanta da wuri daren tafiya, a sha ruwa, a tsaya duk bayan awa ɗaya da rabi a miƙe ƙafa, wanda idonsa ya yi nauyi ya faɗa ba kunya, a ba shi minti ashirin a inuwa. Sannan ka duba wannan: ƙarar iska cikin hula a babban gudu tana haura decibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, matakin da likitocin kunne ke cewa daga nan ji yake fara lalacewa idan abin ya daɗe. Kafin ka ji rediyo a kan wannan ƙugin sai ka ƙure mata murya sama da shi. Ka toshe ham ɗin madugu yau, ka kuma ci bashin kurumta na gobe. Abin da na yarda da shi shi ne 'yar sosar toshe kunne da ake yi don rage ƙarar iska, don ita ham da jiniya suna ratsa ta, da kuma na'urar magana ta cikin hula tsakanin jagaba da madugu, ita ma don maganar hanya kawai.

Da safen tafiyar ku auna iskar taya tun tana da sanyi, ku duba sarƙa da birki da fitilu da baƙin mai, kowa ya cika tanki kafin a haɗu, ku kuma shirya yadda za ku isa kafin duhu. Kai da ka kawo tambayar, ka zagaya ka duba ƙarƙashin hular kowa kafin a tayar da inji, in ka ga waya ka yi magana. Rediyon kuma ku tafi da ita. Tawa tana cikin jakar baya a kowace tafiya, naɗe da tsumma don kada girgiza ta lalata ta, kuma idan muka tsaya hutu aka kashe injuna ni ne dai har yanzu ake miƙa wa in kamo tasha. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.