Tambaya da Amsa: Farfesan da ya bi sawun baƙar fata a tsohuwar Girka da Rum

Tambaya: Na ji an ce wasu jami'o'i suna da sashen da ake koyar da Latin da tsohon harshen Girka tare da tarihin masu su. Shin akwai baƙar fatan da ya yi fice a wannan fanni? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Akwai ƙwarai, kuma wanda na fi so ka fara sani shi ne Farfesa Frank Snowden, Ba'amurke da aka haifa a jihar Virginia a shekarar 1911. A Jami'ar Harvard ya yi karatunsa har ya sami digirin digirgir a 1944, sannan ya shafe fiye da shekara talatin yana koyarwa a Jami'ar Howard da ke Washington, wadda ta shahara wajen ilmantar da baƙaƙen fata.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne tambayar da ya ɗauki shekaru yana bin diddiginta: da wane ido Girkawa da Rumawa suka kalli baƙar fata? Bai tsaya ga littattafai kaɗai ba, ya riƙa shiga gidajen ajiyar kayan tarihi yana duban tukwane da gumaka da tsofaffin kuɗaɗe, ciki har da tulunan da aka ƙera da fuska biyu, ɗaya baƙa ɗaya fara. Ya gwama su da rubuce-rubucen magabata, kamar bayanin Herodotus, masanin tarihi na tsohuwar Girka, kan baƙaƙen mayaƙa daga ƙasar da ke kudu da Masar da suka bi rundunar Farisa zuwa Girka a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, sanye da fatun damisa da na zaki. Sakamakon wannan aiki ya fito a littafinsa Blacks in Antiquity a 1970, inda ya nuna cewa an san baƙar fata a matsayin sojoji da 'yan kasuwa da jakadu, kuma bauta a wancan zamani ba ta rataya a kan launin jiki ba.

Wasu masana suna ganin ya kyautata wa magabatan zato fiye da kima, amma a ganina ko masu sukar tasa da hujjojin da ya tattara suke kafa muhawararsu. An karrama shi da lambar yabo ta ƙasar Amurka a 2003, ya rasu a 2007. Idan fannin ya burge ka, Jami'ar Ibadan tana da sashensa.